Yaro da Zugar Abokai a Makaranta: Tambayoyin da Iyaye Ke Yawan Yi a Zariya

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin iyaye, a taron iyaye da malamai, a majalisa bayan la'asar, da wajen suna ko biki inda mata ke zaune. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Duk inda aka ce "yaro" har da yarinya ake nufi, sai inda aka bambanta.

1. Me ake nufi da matsin abokai? Shi ne cin zali?

Matsin abokai shi ne yaro ya aikata abu, ko ya bar abu, don kada sa'o'insa su ware shi ko su yi masa dariya, alhali da shi kaɗai ne ba haka zai yi ba. Wani lokaci da baki ake yi: "In ka cika namiji ka gwada." "Ku ƙyale shi, ɗan Mama ne." "Ustaziya, ba da ke muke ba." Amma mafi yawansa ba mai cewa uffan. Yarinya ta shiga aji ta ga kowa da sabuwar jaka, ita ce kaɗai ke riƙe da tsohuwar yayarta. Ba wanda ya tanka mata, amma ta dawo gida ta ce ita da jakar nan har abada.

Cin zali kuwa mai ƙarfi ne ke cutar da mai rauni da gangan, yana kuma maimaitawa. A matsin abokai, wanda ke tura yaron sau da yawa shi ne wanda yaron ya fi ƙauna, shi ya sa in kun taɓa abokin sai ku ga ɗanku ya tashi yana kare shi. Matsin abokai da cin zali sukan haɗu wuri guda, musamman a makarantar kwana (duba tambaya ta 13).

2. Na yi iyakar ƙoƙarina wajen tarbiyya, yana zuwa Islamiyya, bai rasa komai a gida ba. Me ya sa maganar aboki ta fi tawa tasiri?

Ba lallai ne kun gaza ba, shekarun ne suka zo da haka. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya kuma tsayar da mutum, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da ke jin daɗin yabo da karɓuwa kuwa tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa. A 2005, masana biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mai tuƙi zai zaɓa ko ya tsaya in danja ta nuna alamar tsayawa ko ya yi kasada ya wuce. Da aka shigo wa matasan da sa'o'insu cikin ɗakin, gangancinsu ya ƙaru sosai, na manya kuwa bai wani motsa ba. Yaron ya san daidai. Idon abokai ne ke canza masa lissafi.

Tun a shekarun 1950 wani masanin, Solomon Asch, ya yi gwajin da ya kamata kowane uba da uwa su sani. Yakan zaunar da ɗalibin jami'a cikin rukuni, a nuna musu layuka a ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya. Amsar a fili take, amma an riga an shirya da sauran cewa su faɗi ba daidai ba. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Sai dai da aka sa mutum ɗaya tak cikin rukunin ya riƙa faɗin gaskiya, bin ayarin ya ragu ƙwarai da gaske. A kan wannan aka gina sauran amsoshin da ke ƙasa. Yaron da ke bin abokai kaɗaici yake gudu, kuma abin da zai tsayar da shi abu biyu ne: mutum ɗaya a gefensa a makaranta, da gidan da zai iya dawowa da kuskurensa ba tare da an kore shi ba.

Zariya tana da nata ƙarin. Gari ne na makarantu, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga barikokin soja. A aji ɗaya sai ka iske ɗan farfesa daga Samaru, ɗan soja, ɗan 'yan kasuwar Sabon Gari, da yaron cikin ganuwa daga Kwarbai ko Ƙofar Doka. Wannan cakuɗa alheri ce, amma tana sa yaro auna kansa da gidajen da ba irin nasu ba. Ga shi kuma kullum ɗan sakandare yana ganin ɗaliban jami'a a Kongo da Samaru, yana kwaɗayin rayuwar da shekarunsa ba su kai ba.

3. Daga shekara nawa abin ke farawa?

Tun firamare ana ganinsa a ƙananan abubuwa, kamar wa za a yi wasa da shi, wa za a ƙi ba wa alawa. Yakan yi tsanani daga ƙarshen firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare. Daga wajen shekara 14 zuwa 18 ƙarfin cewa a'a yakan riƙa ƙaruwa a hankali. Ku fi sa ido a zangon farko na kowace sabuwar makaranta, domin a lokacin ne yaro ke neman inda zai raɓa, kuma duk rukunin da ya fara buɗe masa ƙofa shi yake shiga.

4. Waɗanne alamu zan lura da su?

Canji kwatsam shi ne abin dubawa. Yaron da ke da surutu ya koma shiru, ko mai sanyi ya koma faɗa da ƙannensa. Ya watsar da tsofaffin abokansa gaba ɗaya, sababbin kuma ba ya so ku san sunansu, in sun zo sai su tsaya a bakin layi su aiko. Kuɗin tara ya daina isa, ana ta kawo labarin kuɗin littafi da na gwaji waɗanda makaranta ba ta ce ba, ko kuma a ga kaya a hannunsa da ba ku kuka saya ba. An tashi makaranta ƙarfe biyu, shi sai la'asar sakaliya. Ciwon kai ko ciwon ciki da ba ya zuwa sai safiyar Litinin. Sakamako ya faɗi a zango ɗaya.

Alama ɗaya ba hujja ba ce, domin balaga ita kanta tana sa yaro son keɓewa. In uku ko huɗu suka taru cikin 'yan makonni, lokacin zama ya yi (tambaya ta 5). In kuma akwai jan ido, barcin rana mai nauyi ko magana tana harɗewa, ku wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 11.

5. Da na fara magana sai ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai". Yaya zan yi ya buɗe baki?

Kada a yi maganar a gaban ƙannensa, kada kuma a yi ta lokacin da rai ke ɓace. Yaron Bahaushe an koya masa kada ya haɗa ido da babba, saboda haka in aka zaunar da shi gaba da gaba aka ce "faɗa mini gaskiya", ji yake an kai shi gaban alƙali. Magana ta fi fita in ana gefe da gefe, hannu na aiki: uba da ɗa a hanyar dawowa daga masallaci ko a shago, uwa da 'ya wajen gyaran kayan miya ko lokacin kitso. Ku fara da wasu, kada ku fara da shi. "A ajinku akwai masu zuwa da waya?" "In yaro ya ƙi bin su me suke ce masa?" Yaro yakan ba da labarin kansa da sunan wani. In ya fara, ku yi shiru ku saurara, ko da abin da kuke ji yana tafasa muku zuciya.

Ranar farko da ya faɗa muku gaskiya mai ɗaci, gwada ku yake yi. In mari ya biyo baya, ko aka kwashe labarin aka kai gidan gwaggo da kawu, to ita ce ta ƙarshe. Ku ce, "Na ji daɗi da ka faɗa mini," sannan a kwana, gobe a yi maganar gyara.

Akwai gidajen da kunya ta yi ƙarfi, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari. Wannan ba abin zargi ba ne, amma kada a bar yaron ba kowa. A nemo masa wanda yake sakewa da shi: kawu, ƙanwar uwa, yayan da ya girme shi da hankali, ko kaka. Wasan da ke tsakanin kaka da jika yana fitar da maganar da uba ba zai taɓa ji ba.

6. Me zan koya masa ya faɗa idan aka zuga shi?

"Ka ce musu a'a" ba ta wadatar. Yaron da abokai biyar suka zagaye a bayan aji ba shi da lokacin tsara magana, sai abin da bakinsa ya riga ya saba. Don haka a gwada a gida. Ku zama abokin, ku miƙa masa abu ku ce, "Haba, sau ɗaya ne fa, ba wanda zai sani," ku ji me zai ce. Da farko zai yi dariya ko ya ji nauyi, ku ci gaba. Amsar da ta fi aiki gajera ce, ba wa'azi a ciki: "Ni ba na sha." "Ba na yi, ku bar ni." In ya tsaya kawo dalilai, ya ba su abin da za su yi ta warwarewa. In ya koma yi musu nasiha, ya ja wa kansa sabon suna.

Ku ba shi izinin fakewa da ku, kuma ku sa abin ya zama gaskiya. In Umma tana duba jaka da gaske, zai iya cewa, "Ummanmu tana duba jakata kullum." In Baba yana jiran sa a shago ƙarfe biyu da rabi da gaske, yana da dalilin tafiya da ba wanda zai kira shi matsoraci a kai. Ya haddace lambar waya biyu. Ya riƙe kuɗin mota daban da na tara, wanda ba a taɓawa sai don barin wuri. Ku kuma yi masa alkawari ku cika: ko ina ya tsinci kansa, ko da inda kuka hana shi ne, in ya kira za ku zo, faɗa sai gobe.

Abu mafi ƙarfi shi ne na tambaya ta 2, wato samun mutum ɗaya a gefensa. Ku tambaye shi, "A cikinsu wa kake ganin shi ma ba ya so?" Kusan kullum akwai. In su biyu suka yi shawara tun kafin lokacin cewa tare za su tashi, an gama rabin aikin. Game da sunaye kuwa, bagidaje, ɗan ƙauye, ustazu, ku gaya masa gaskiya cewa za a faɗa kuma zai ji zafi, amma mai tsokana yakan gaji in bai ga ana hasala ba.

7. Na gane abokin da ke ɓata shi. In raba su?

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma hadisin mai sayar da turare da mai zuga wutar maƙera sananne ne ga duk ɗan Islamiyya. Damuwarku tana kan hanya. Sai dai hani kai tsaye sau da yawa ba ya kashe abota, ɓoye ta yake sa a yi, ku kuma rasa ganin abin da kuke gani a da. Kafin ku yanke, ku jawo abokin gida. Ya ci abinci, ku san ɗan gidan wa ne, ku gaisa da iyayensa. Wani yaron da ake kira ɗan iska maraya ne da ba mai tambayar ina ya kwana. In za ku yi suka, ku soki aikin: "Ban ji daɗin yadda kuka tsallake darasi kuka tafi gidan kallon ƙwallo ba." In kuka zagi abokin, ɗanku kare shi zai yi. Sannan a sa iyaka ta wuri da lokaci: su haɗu a nan gida, ban da fita bayan magariba.

Akwai inda ba a lallashi. In akwai ƙwaya, ko makami, ko alaƙa da 'yan sara-suka, ko kuma wani babba ne da ya girme wa yaron sosai yake ba shi kuɗi da kyauta yana son keɓewa da shi, a raba nan take, a kuma faɗa wa yaron dalili ƙarara.

Duk abokin da aka cire ya bar gurbi, in ba ku cike ba titi zai cike. Ƙungiyar ƙwallo mai koci na kirki, ajin hadda da musabaƙa, 'yan agaji, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta ɗalibai Kirista, koyon ɗinki ko gyaran waya ranar Asabar, duk wurare ne da yaro ke samun sa'o'in da za su ja shi gaba. Abota ta makaranta ba abar raini ba ce a garin nan. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949, ta yaye Yakubu Gowon, Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma har gobe tsofaffin ɗalibanta da na Alhudahuda suna riƙe da zumuncin da suka ƙulla tun suna yara.

8. Mu da duka aka gyara mu. Me ya sa yanzu ake cewa a bari?

Duka yana tsayar da abu a gabanku, amma a wannan matsalar abin yana faruwa ne inda ba kwa nan. Abin da yaro ke koya daga bulala shi ne ya ƙware wajen ɓoyewa, kuma in gida ya yi zafi, wurin abokan nan zai nufa ya huce. Hukuncin da ke aiki shi ne wanda ya dace da laifin kuma aka faɗe shi tun kafin a yi: ya yi dare, gobe ba fita; ya kashe kuɗin littafi, zai biya daga nasa. A guji baki da tsinuwa, a guji "fita ka bar mini gida". Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A kuma daina gori da ɗan wane. Uwar da kullum take cewa "dubi 'yar gidan Alhaji" tana koya wa 'yarta cewa darajarta a idon mutane take, kuma wannan darasin shi ne abokai za su yi amfani da shi gobe.

9. Ta ce duk ajinsu ita kaɗai ce ba ta da waya. In saya mata?

Ku fara bincika "duk ajinsu" ɗin. Ku tambayi iyaye uku ko huɗu, sau da yawa za ku tarar kowace yarinya haka take faɗa a gidansu. In iyaye biyar na aji ɗaya suka yi magana guda cewa ba babbar waya sai an gama ƙaramar sakandare, ba wadda za ta zama ita kaɗai. Facebook, Instagram da TikTok su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. In bukatar kira ce saboda nisan hanya, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar.

In lokacin babbar ya yi, a yi sharaɗi a fili tun ranar farko: waya a ɗakin iyaye take kwana, ba lambar sirrin da Umma ba ta sani ba, kuma ba a zuwa da ita makaranta. Dubawa a ɓoye tana karya amana, dubawar da aka yi yarjejeniya a kanta ba ta karyawa. A da in an tashi makaranta matsin ya tsaya a bakin ƙofa. Yanzu guruf ɗin aji yana bin yarinya har kan katifarta.

Abu biyu a faɗe su da baki, kunya ba ta da wuri a nan. Na farko hoto: duk wanda ya fita ba ya dawowa, kuma akwai masu karɓa su koma yin barazana da shi. Ku ce mata, "In hakan ta taɓa faruwa, ki zo wurina kafin kowa, ba zan juya miki baya ba." Na biyu, ga maza musamman, cacar ƙwallo ta waya. Da ɗari biyu ake farawa don a shiga hirar abokai, kuma ita ce sau da yawa ke bayan kuɗin da ke ɓata a gida (tambaya ta 4).

10. Ba mu da hali, ga anko, ga fatin gama makaranta, ga takalmin yayi. Yaya zan yi kada ya ji ya ƙasƙanta?

Ku faɗa masa gaskiyar aljihunku ba tare da kuka ko fushi ba: "Abin da muke da shi a wannan zangon ke nan, kai za ka zaɓa, takalmi ko kuɗin fati." Yaron da aka ba zaɓi yana jin an ɗauke shi mutum. Kada a raina abin da ke damun sa, domin a wurinsa takalmin nan shi ne izinin zama cikin mutane. In da hali a yi masa abu guda mai kyau da zai riƙe kai da shi, sauran a bari. Cin bashi don a yi anko koya wa yaro ne cewa kunyar mutane ta fi gaskiya.

Ga 'yan mata akwai haɗarin da ya wuce kwalliya. Yarinyar da ƙawaye ke yi wa dariya don ba ta da saurayi mai yi mata kyauta tana iya karɓar abin da zai zame mata bashi. Duk sabon abu da ya shigo gida, turare ne, kati ne, mayafi ne, a tambayi inda ya fito cikin natsuwa. In makaranta ce da kanta ke ɗora kuɗin biki mai nauyi, wannan magana ce ta taron iyaye da malamai (tambaya ta 14).

11. Babban tsorona shaye-shaye. Yaya yake farawa, me zan yi in na kama shi?

Tsoron yana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, wato mutum miliyan 14.3, sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma hanin bai kawar da tiramol, wiwi, sholisho da shisha daga unguwanni ba.

Da wuya yaro ya fara da saye. Aboki ne ke ba shi kyauta, kuma da suna mai daɗi: maganin gajiya, maganin karatun dare, abin da zai cire maka kunyar magana da mace. Wani lokaci a cikin lemon kwalba ake zubawa. Shisha kuwa ana cewa ai ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai, alhali taba ce, kuma dokar hana shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ku yi wa yaro wannan bayanin tun yana aji shida na firamare, da sunayen abubuwan, kafin wani ya riga ku. Ku kuma koya masa kada ya sha abin da ba a gabansa aka buɗe ba.

In kun kama shi, kada a yi maganar yana cikin maye, a bari ya wartsake. A gano me yake sha, tun yaushe, wa ke ba shi. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya daban, wanda jikinsa ya saba daban, kuma na biyun yana bukatar likita domin yanke tiramol ko kodin kwatsam yana zuwa da ciwo mai tsanani (tambaya ta 16). Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da sashen ba da shawara da gyaran hali baya ga kame. Kada a kai yaro inda ake ɗaure mutane da mari ana duka da sunan gyara. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su.

12. Ya ce kowa yana satar amsa, in bai yi ba shi zai zo na ƙarshe. Me zan ce masa?

Ku fara duba ko matsin daga gida yake. Yaron da aka ce wa "kada ka dawo mini ba kiredit tara" an riga an tura shi. Ku ce masa a fili kun fi son sakamakonsa na gaskiya ko da ya yi ƙasa, sannan ku nemo masa taimako a darasin da ke ba shi wuya. Ya san kuma cewa WAEC da NECO suna riƙe sakamako ko su soke shi, dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi hukunci har da ɗauri, kuma jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yi, ba abokin da zai miƙo takarda.

Yaro mai ƙoƙari shi ma yana cikin matsi, domin shi ake cewa ya buɗe takardarsa, in ya ƙi a ce mugu ne. Amsar da za ta fisshe shi ita ce, "Ku zo in koya muku kafin ranar, amma a cikin ɗakin jarrabawa kowa tasa ta fisshe shi."

13. Yana makarantar kwana, ba na ganin sa sai ranar ziyara. Me zan iya yi daga nesa?

A makarantar kwana yaro ba shi da inda zai gudu da dare, kuma ga siniyoyi. Kada ku bari ranar ziyara ta wuce ku. Yaron da ba a zo masa ba yana zaune yana kallon na wasu, kuma a irin ranar ne yake neman wanda zai raɓa ko wane ne. In kun je, kada a tsaya kan kayan abinci da sakamako. Ku tambaye shi wa ke kwana kusa da shi, wa yake ci tare da shi, kayan da kuka kawo wancan karon shi ya ci ko an karɓe. Ku san malamin da ke kula da ɗakin kwanansu ido da ido, ku karɓi lambarsa.

Siniyan da ya ɗauki ƙaramin yaro a matsayin ɗan ɗakinsa yana iya zama garkuwa, yana kuma iya zama shi ne matsalar. Ku nemi ganin sa. In yaro ya dawo hutu da tabo, ko ya rame, ko yana kuka in an ce gobe komawa, kada a ce ai haka kowa ya sha. Wannan ya tashi daga matsin abokai ya koma cin zali (tambaya ta 1).

14. Wa zan gani a makaranta? Ko in canza masa makaranta kawai?

Ku fara da malamin ajinsu, sannan malamin ba da shawara in makarantar tana da shi, kafin shugaban makaranta. Ku je da abin da kuka gani da ranakun da ya faru, ku roƙi kada a kira yaron gaban asambuli ko a bayyana cewa shi ya kai ƙara, domin wanda aka sa wa sunan munafuki a aji ya shiga wahalar da ta fi ta farko. Ƙananan matakai suna aiki: canza wurin zama, canza ɗakin kwana, sa ido lokacin tara da lokacin tashi. Ku sanar da ɗanku kafin ku je.

Canza makaranta yana da amfani in akwai barazana ga lafiyarsa, ko ƙwaya ta yi katutu a rukuninsu, ko hukumar makarantar ta ƙi ɗaukar mataki. In ba haka ba, yaron da bai koyi abin da ke tambaya ta 6 ba zai tarar da irin abokan nan suna jiran sa a sabon wuri, ga shi kuma baƙo.

15. An kira ni an ce ɗana ne ke zuga sauran. Ta ina zan fara?

Ku saurara har ƙarshe kafin ku ce "ɗana ba zai yi haka ba". Yaron da sauran ke bi yana da baiwar jagoranci, inda ya nufa da ita ne ya karkace, kuma sau da yawa shi ma akwai wanda ke tura shi daga sama. Ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, ya mayar da abin da ya karɓa. Sannan a ɗora masa nauyi na gaske, kamar koya wa ƙannensa karatu, riƙe lissafin shago ranar Asabar ko shirya wasan ƙwallon unguwa.

16. Yaushe abin ya wuce na gida, sai an ga likita?

In yaro ya shafe sati biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya ci, ba ya barci, ya bar abubuwan da yake so, ko ya ƙi makaranta gaba ɗaya, a kai shi asibiti. In ya ce ya gaji da rayuwa, ko "gara in mutu", ko aka ga yanka a hannunsa, kada a ɗauka shagwaɓa ce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a tafi a ranar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, likitocin suna ganin masu damuwa da masu shaye-shaye kullum.

In kuka iske shi ya sha abu ba ya farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko yana jijjiga, wanda tiramol kan jawo, ku kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwa, kada kuma a jira ya wartsake da kansa. A ɗauki kwalbar ko fakitin abin da ya sha a tafi da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.